Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ciyamomin ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano: wai su wa kuke karramawa ne?

Assalamu alaikum warahmatullah.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu jama'a. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ba na riƙe da katin kowace jam'iyya kuma ba kwangila nake nema ba, na faɗi haka tun da wuri ne don na san halin soshiyal midiya, yanzun nan sai wani ya zo ƙasan rubutun ya ce turo ni aka yi.

Maganar karramawa ce ta sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. Duk ƙarshen shekara in ka buɗe Facebook ko ka bi manyan tituna fostoci ne ko'ina, wane ya samu lambar yabo ta gwarzon shekara, wane an naɗa shi garkuwan matasa, wance uwar marayu, a kama ɗakin taro a otal a kawo mai kirari ya yi ta zubawa a ɗauki hoto da gilashin nan mai rubutu kowa ya watse da ledar abinci. Ba hassada nake ba wallahi, wanda aka ba Allah ya sanya albarka, wasunsu ma sun cancanta ƙwarai. Amma mu na ƙasa ai mun san yadda ake ƙulla wasu daga ciki, ƙungiyar da ba a taɓa jin sunanta ba sai ranar, a kai wa mai kuɗi takardar gayyata shi kuma ya ɗauki nauyin taron, shikenan ya zama gwarzo.

To tambayata gare ku ranku ya daɗe, yaushe rabon da ɗayanku ya tsaya gaban jama'ar unguwa ya kira sunan wani ɗan kwana-kwana da ya shiga wuta ya fito da 'ya'yan mutane, ko matashin da ya faɗa kududdufi ya ceto yaro, ya ce masa mun gani mun gode? In an yi to labarin bai iso lungunanmu ba. Na san amsar da za ku fara bayarwa, za ku ce hukumar kashe gobara ta jiha ce ba taku ba, albashinsu da motocinsu da ƙarin girmansu duk a hannun gwamnatin jiha suke. Gaskiya ne wannan, kuma wasiƙar nan da gwamnatin jiha nake ita ma. Amma gobarar a Fagge take tashi, rijiyar a Dala take, kududdufin a Kumbotso yake, kuma wanda aka ceto ɗin ku ya zaɓa, ku ne gwamnatin da ta fi kusa da ƙofar gidansa.

Ku lura da wani abu duk sanda kakakin hukumar kashe gobara ya fitar da sanarwa a rediyo ko jarida. Za ka ji an faɗi ƙarfe nawa aka kira su, ƙarfe nawa suka isa, shekarun wanda ya faɗa ruwan, wani lokaci har sunan mai unguwar da aka miƙa wa gawa ko wanda aka ceto, sannan a rufe da jan hankalin iyaye su kula da yara. Mutum ɗaya ne sunansa ba ya fitowa, wanda aka ɗaura wa igiya aka zura cikin ramin. Sai dai a ce jami'anmu. Ban ga laifin kakakin ba, haka tsarin aikin gwamnati yake, amma hakan na nufin mutum zai yi shekara 35 yana wannan aikin ya yi ritaya ya koma bin layin fansho babu wanda ya san ko rai nawa suka kuɓuta ta hannunsa, har 'ya'yansa ma ba lallai su sani ba.

Wannan ma wanda ke da yunifom da albashi kenan. Wanda ba shi da ko ɗaya fa? Shekarun baya a unguwarmu wani yaro ya zurma tsohuwar rijiya a wani kango suna wasan ɓuya, an rufe bakinta da ruɓaɓɓen kwano ne aka ɗora bulo ɗaya a kai. An buga wa 'yan kwana-kwana waya nan take, amma kafin motar ta samu hanyar da za ta kutso lungun mutane sun cika wajen maƙil, mata na salati maza na ba da shawara kowa da tasa, rabin samarin kuma sun ɗaga waya sama suna bidiyo. Wani bawan Allah mai yasar rijiya da ke aiki a gidan maƙwabta shi ya ture mutane ya zo, magidanci ne mai iyali, bai ce wa kowa komai ba ya cire riga ya ɗaure igiyarsa a ƙugu da ƙasan hammata ya miƙa wa majiya ƙarfi bakin igiyar, abin da ya faɗa kawai shi ne in kun ji na girgiza ku ja, in kun ji shiru ma ku ja. Ya fito da yaron da ransa a saɓe a kafaɗa. Shi kuma da aka jawo shi ya taka ƙasa sai ya sulale ya zauna, idonsa ja wur, yana amai yana jan numfashi da ƙyar, igiyar ta saɓule masa fata a haƙarƙari. Ya daɗe yana jinyar ƙirji bai fita aiki ba, kuma mai yasar rijiya in bai fita ba ai ba a ɗora tukunya a gidansa. Hula aka zagaya da ita a masallaci bayan isha'i aka haɗa masa ɗan abin da ya samu, uban yaron shi ma talaka ne ya kai kwanon shinkafa yana hawaye. Iyakar karramawar kenan. Babu takarda ko ɗaya a kowane ofis da ta san an yi wannan abu.

Kuma shi Allah ya taimake shi don sana'arsa ce, ya san rijiya. Sau nawa muke jin labarin mutum ya faɗa rijiya ko masai, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, na uku ma ya bi, a ƙarshe a fito da gawa uku? Mutane sai su ce aljanu ne, alhali iskar da ke ƙasan tsohuwar rijiya ko sokawe ce, babu oksijin a cikinta ko kuma guba ta taru, musamman in an kunna injin jan ruwa a ciki hayaƙin ya kwanta a ƙasa, mutum zai sume cikin ɗan lokaci kaɗan ba tare da ya san me ya same shi ba. Tsofaffin mahaƙa rijiya sun san wannan tuntuni shi ya sa suke zura fitila tukunna, in ta mutu ba sa shiga. Samarinmu suna da zuciya, ilimin ne da kayan aikin ba su da shi, kuma a ganina duk hukumar da ta yaba wa jarumtar mutum ta bar shi yana shiga rami da igiyar guga ba ta yi masa adalci ba.

In muka koma kan manyan ranakun da garin nan ba zai manta ba abin ɗaya ne. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 da aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari, mutum sama da 100 suka rasu, su waye suka kwashi masu rauni? Motocin asibiti nawa ne a garin da za su iya da wannan yawan? Masallata ne da manyan rigunansu jina-jina, da 'yan agaji, da masu Adaidaita Sahu da masu motar gida, sannan da aka yi shelar ana neman jini mutane suka tafi asibitoci suka miƙa hannu ga wanda ba su taɓa gani ba, ma'aikatan jinya kuma suka kwana a tsaye. A watan Maris na 2016 wuta ta kama kasuwar Sabon Gari cikin dare ta cinye shaguna kusan 3,800, mun yi ta maganar dukiyar da aka rasa, kuma dole a yi don mutane da yawa ba su sake tashi ba, aka kafa asusun tallafi aka yi ta zuwa jaje. Amma waɗanda suka kwana riƙe da mesa a cikin wannan zafin, da 'yan dako da masu gadi da suka yi ta fito da kayan mutane suna ajiyewa ba su ɗauki ko allura ba a daren da wasu ke wawaso, wa ya tambayi sunansu?

A watan Afrilun 2020 lokacin kullen korona, da mace-mace suka yi yawa a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara gaya wa duniya cewa gawar da ake kawowa ta wuce yadda aka saba, su ne suka yi ta haƙa safe da yamma lokacin da kowa ke tsoron taɓa ɗan'uwansa. Kuma maƙabarta ai a ƙarƙashinku take ranku ya daɗe, ba sai an je gidan gwamnati ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai, yawanci ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla rai 29 suka tafi, Allah ya jiƙansu, masunta da masu iyo na yankin suna cikin waɗanda suka yi ta nutso suna lalube. Bagwai ba ta cikin ƙananan hukumominku na sani, amma irin waɗannan masu iyon kuna da su a bakin kowane kududdufi. Ƙarshen Agustan 2022 bene mai hawa uku ya rufta a titin Beirut wajen 'yan waya, kafin motocin tono su gama isowa samarin kasuwa ne ke ɗaga ɓaraguzai da hannu.

Ga kuma na kullum waɗanda mun saba da su har mun daina ganinsu. 'Yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanu da 'yan Red Cross, a filin idi su ne, wajen tafsiri su ne, jana'iza su ne, sansanin alhazai su ne, da yawansu yunifom ɗin ma da kuɗinsu suka ɗinka. 'Yan sintirin unguwa masu kwana a waje da tocila da gora. Ungozoma da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, matan da ke wankan gawa, maƙwabciyar da in gobara ta cinye gida ita ke kwashe yaran ta raba su da nata tabarmar har wata guda. Matan nan musamman, in ana taron karramawa ba ka ganin irinsu sai dai matar wane.

Akwai laifinmu mu jama'a a ciki kuma ba zan ɓoye ba. Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne jifan motar kwana-kwana. Mota ta zo, wasu zauna-gari-banza su hau jifa wai an makara ko wai ruwan ya ƙare da wuri, a fasa gilashi a ji wa direba rauni, gobe kuma unguwar gaba ce za ta kira a ce motar tana gareji. Mu tambayi kanmu mana me ya makarar da ita. Ana jin jiniya babu mai kaucewa, wani ma bin bayanta yake da gudu don ya samu hanya, an kafa teburin kayan miya da kwantena a kan titi, an ci hanyar da aka bari a kasuwa an mai da ita shago, masu biki sun kafa rumfa sun toshe layi, ga lungunan cikin gari da ko Adaidaita ba ya shiga. Mota kuma tanki ɗaya gare ta, in ruwan ya ƙare babu famfon da za ta sha a kusa dole ta koma ta ɗebo, kafin ta dawo wutar ta tsallaka gida na gaba. Wanda ke cikin motar ba shi ya gina shago a kan hanya ba amma shi ake jifa. Da ace kowane ciyaman zai tara masu unguwanni da limamai ya ce duk wanda ya jefi motar kashe gobara a yankina sai ya gurfana gaban alƙali, kuma a ga an yi ko sau ɗaya, wallahi ma'aikatan nan za su fi jin daɗinsa a kan satifiket.

Sannan akwai wani iko da kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ku a jadawali na huɗu wanda ko sisi ba ya ci, wato sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Aikin ƙaramar hukuma ne wannan baƙi da fari, tare da kula da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota. Ku duba yadda muke kwatance in mun kira neman agaji: ka wuce gidan mai ka sha kwana ta biyu, akwai wani mai shayi, bayan transifoma, gida mai jan get. Ana wannan kwatancen wuta na ci. Layuka da yawa a sababbin unguwanni ba su da suna sam, wasu kuma sunan duk wanda ya fara gini ko mai kuɗin layin ake liƙa musu. Me zai hana layin da aka ceto yaro a sa masa sunan wanda ya ceto shi, a kafa allo a rubuta, a bi gidajen a sa lamba? Kun karrama mutum ta hanyar da jikokinsa za su gani, kun kuma sauƙaƙa wa motar agaji gano gida. Manyan tituna da gadoji mun bar wa manya, ba mu ja ba, lungu muke roƙo.

Sai babbar matsalar da ke sa mutane tsayawa kallo in an yi hatsari. Akwai wani yaro mai Adaidaita da ke yi min dakon kaya, wata rana da daddare ya tsinci mutum mota ta buge shi ta gudu, ya ɗauke shi ya kai wani asibiti, aka ce sai da takardar ɗan sanda, ya tafi wani caji ofis neman takardar sai aka ce to ai sai ka zauna ka yi bayani waye ya buge shi in ba kai ba. A can ya kwana, babur ɗin ma aka riƙe, mai babur na jiran balas, sai da muka je da mai unguwa aka sake shi. Da ya fito kujerar baya duk jini ya bushe shi ya sayi omo ya wanke abinsa. Abin da ya ce min shi ne Alhaji daga yau ko ubana na gani a kwance a titi sai na nemi shaida tukunna. Na san ɓacin rai ne ya sa shi faɗar haka, amma ku lissafa masu Adaidaita nawa ya ba wannan labarin a tasha. Alhali doka tana nan, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta kula da wanda aka harba da bindiga ta ce a duba shi ko babu takardar 'yan sanda, har ta ce wanda ya kawo shi a mutunta shi kar a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Mutum nawa suka san da wannan? Ku ne kuke zaman tsaro da DPO-DPO na yankunanku, ku ɗauko maganar a can, ku buga dokar da Hausa ku liƙa a tashoshi da ƙofar asibitoci, ku ba da lambar wayar wani jami'i da mai taimako zai kira in an riƙe shi.

Wani zai ce ai ana karrama talaka a ƙasar nan. Ana yi, amma ku duba yaushe. Matashin nan mai Adaidaita a nan Kano da ya mayar da Naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a babur ɗinsa a 2023, ya sha kyaututtuka kuma ya cancanta, amma sai da labarin ya karaɗe rediyo da waya tukunna kowa ya fara rububin ɗaukar hoto da shi. Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato da ya ɓoye mutum 262 yawanci Kiristoci a masallacinsa da gidansa a rikicin watan Yunin 2018, Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, tamu ta ƙasa wato MON ta zo a 2022. Can Faransa ma haka, Mamoudou Gassama ɗan Mali da ya haura bene hawa huɗu da hannu a Paris a watan Mayun 2018 ya ceto yaro ɗan shekara 4, kwana biyu tsakani yana zaune da shugaba Macron, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa da gurbi a wajen 'yan kwana-kwanan Paris, to shi ma wani ne ya ɗauki bidiyon duniya ta gani. Wanda ya yi nasa ƙarfe ukun dare a lungu babu mai waya a kusa fa? Gwamnatin tarayya ba za ta taɓa jin labarinsa ba, ta jiha ma da wuya, amma mai unguwa ya sani tun kafin gari ya waye, kuma mai unguwa yana kai rahoto ga dagaci, dagaci ga hakimi, ga kansila a kowace mazaɓa. Hanyar tana nan a shimfiɗe amfani da ita ne ba a yi.

Don haka abin da nake roƙo ba wani babba ba ne. Ku buɗe rijista a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, littafi ɗaya da ma'aikaci ɗaya a sashen walwalar jama'a, duk wanda ya ceci rai a yankin mai unguwa ya kawo sunansa da shaidu biyu da abin da ya faru, ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan sa-kai, namiji ko mace, Musulmi ko Kirista, ɗan gari ko baƙo don Sabon Gari ma Fagge ce. Wanda ya ji rauni wajen ceto ƙaramar hukuma ta ɗauki jinyarsa har ya warke ta kuma ba iyalinsa abin sawa a baki kafin ya koma aiki. 'Yan sa-kai da aka tantance ku biya musu rijistar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha wato KSCHMA su da matansu. Wanda kuma ya rasa ransa, Allah ya kiyaye, a nan ne ake gane gaskiyar hukuma, don zuwa ta'aziyya da ambulan ɗin kuɗi ranar uku kowa ma yana yi, abin da ake so shi ne bayan shekara biyu a je a ga 'ya'yan suna makaranta ko suna talla. Ku ɗauki karatunsu a rubuce yadda ko kun sauka wanda ya gaje ku ba zai ce bai san zancen ba.

Taron kansa kuma don Allah kar a kai shi otal. A yi shi a filin firamaren unguwa ko ƙofar gidan hakimi inda matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta za su zo da ƙafa, a kira wanda aka ceto in ya yarda ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Ranar 4 ga Mayu ita ce ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, ga rana nan a shirye ba sai an ƙirƙiro ba, ku je tashar kashe gobarar da ke yankinku ku tambayi shugabanta ya ba ku sunan waɗanda suka yi fice a shekarar, ku zauna ku ji abin da ke damunsu. A wajen taron a raba wa ƙungiyoyin unguwa igiya mai kyau da tsani da rigar ruwa da akwatin taimakon farko, a roƙi hukumar kashe gobara da Red Cross su koya wa samari yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaukar wanda ya karye da abin da ake yi wa wanda ya sha ruwa, da kuma lokacin da bai kamata mutum ya shiga ba sam. Tsorona ɗaya ne, kar abin ya koma kamar lis ɗin rabon taki, kansila ya kawo ƙaninsa, shugaban jam'iyya ya kawo yaron gidansa, a wayi gari gwarzon ceto na bana ko iyo bai iya ba. Shi ya sa nake ganin kwamitin tantancewa a bar shi hannun hakimi da limamai da fastoci da jami'in kashe gobara da wakiliyar mata, ku naku sa hannu da biyan kuɗi, kuma a karanta sunayen a rediyo mako biyu kafin taro don mai ja ya ja.

Za ku ce kuɗi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, na san za ku ce tsakanin hukunci da aiwatarwa akwai tafiya, to mun ji. Amma littafin rijista nawa yake? Allon sunan layi nawa ne? Kuɗin fostocin taya murna da ake bugawa a wata ɗaya ya isa ya yi jinyar mutum nawa? Kuma in kuka fara da gaskiya ba za ku ɗauka ku kaɗai ba, 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi sun fi kowa sanin zafin gobara, in suka ga inda kuɗin ke zuwa za su saka hannu, ni kaina da ƙaramin shagona zan kawo nawa.

Lokacin sanyi shi ne lokacin da gobara ta fi yawa a garin nan, hita da garwashi da iska mai kaɗawa, damina kuma ta kududdufi ce da rushewar gini, kowace shekara haka suke zagayowa. Ina roƙon kansilolin da wannan rubutu ya isa gare su su ɗauke shi su kai zaman majalisa na gaba, masu unguwanni kuma ko ba a ba ku umarni ba ku sayi littafi ku fara rubuta sunayen tun yanzu. Allah ya yi muku jagora, ya tsare garinmu.

Wassalam.

Naku,
wani ƙaramin ɗan kasuwa, mazaunin cikin garin Kano